Rahoton Ayyukan Shekara: Fihirisar Tsofaffin Jaridun 'Yan Sanda

Ya ku mambobi masu girma,

Bana ƙarfin ƙungiya ya tafi ne kan fitar da fihirisar sunaye daga Police Gazette ta Landan. Jaridar ta samo asali daga takardun cigiya da alƙali John Fielding ya fara rarrabawa daga kotunsa ta titin Bow Street a 1772, ta ɗauki wannan suna a 1828, sannan Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, ta karɓi buga ta a 1883. Mun leƙa takwararta ta Victoria a Ostareliya, wadda ta fara fitowa a 1853, don kwatanci kawai.

Daga kowace sanarwa abu bakwai muke cirewa: suna, sunan bogi, shekaru, tsawo, alamun jiki, abin da ake zargi, sai kwanan wata da shafi. Tsawo da ƙafa da inci aka rubuta shi. Mun bar shi yadda yake, muka buɗe wani gurbi na santimita, inci ɗaya 2.54.

Inda aikin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne sunaye. Ɗan sanda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, shekarun kuma sau da yawa ƙiyasin ido ne. Sai mutum ɗaya ya bayyana da rubutu iri uku, ko mutum biyu su haɗa suna da gari. Tabo a goshi, yatsa da ya guntule ko zane a dantse sun fi suna riƙe mutum, don haka ba ma haɗe sanarwa biyu sai alamu biyu sun dace. Manhajar karanta rubutu ma ba ta da tabbas: haruffan ƙanana ne, tawadar bayan shafi tana ɓullowa, sai 3 ta koma 8. Duk lamba sai mutum na biyu ya duba ta a hoton shafin.

A kiyaye: sanarwar cigiya zargi ce, ba hukunci ba. Labarin kamu yakan fito makonni bayan haka, wani lokacin ma ba ya fitowa. Kada wani ya rubuta "ɓarawo" sai ya gani a rajistar kotu ko ta gidan yari.

Baɗi za mu shiga jerin sojojin da suka gudu daga aiki. Masu iya karanta sunayen rundunoni da aka taƙaita su ba sakatare sunayensu kafin taro na gaba.

Kwamitin Gudanarwa