Wasiƙa zuwa ga Bashiru: motar Baba ta dawo gida

Aboabo, Kumasi
Daren Laraba

Bashiru mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rabi da yara, da sanyin Hamburg da ka ishe mu da kukansa. Mu nan sai godiya. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, leɓe duk ya tsage, hazo ya rufe gari har ba a hango hasumiyar babban masallaci da safe. Wata bakwai ke nan rabona da jin muryarka, in ban da gaisuwar Juma'ar nan da kake tura wa mutum ɗari lokaci guda a WhatsApp, ni kuwa ba na lissafa ta cikin zumunci. Batun filin Kenyase ne ya zaunar da ni, akwai tambayar da zan yi maka a kansa, amma bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Motar Baba ta dawo gida.

Kwantar da hankalinka, ba wadda aka sayar wa masu tsohon ƙarfe ba. Wannan a tafin hannuna take zama, tsawonta santimita 17. Ka tuna kwalin da ka ba Awudu ya kawo min shekara biyu da suka wuce, ka rubuta a bayansa cewa ga motar da zan iya saye? To, na buɗe shi. Na kamfanin Tamiya ne na Japan, Volkswagen 1300 Beetle ƙirar 1966, ma'aunin 1/24, wato kowane abu an rage shi sau ashirin da huɗu. Ainihin boksuwajar ta ɗan haura mita huɗu, ka raba ka gani. Ina tsammanin ba ka lura da shekarar ba sa'ad da ka saya, amma ita ce shekarar ta Baba daidai. Ranar da idona ya faɗa kan lambar nan, na daɗe zaune da kwalin a cinya.

Ciki babu mota, sai rassan roba da ƙananan sassa manne a jikinsu kamar 'ya'yan itace, kowanne da lambarsa, ga takardar da ke nuna me ke bin me. Za ka yanko sashe, ka kankare bakinsa da reza, ka goge da samfefa mai laushi, ka gwada shi a gurbinsa ba gam, sai ka tabbatar ya zauna sannan ka manna. Gam ɗinsu ma daban ne. Ruwa ne tsararo cikin 'yar kwalba mai koren murfi, da ka taɓa bakin haɗin da burushi sai ya tsere cikin tsagar da kansa, ya narkar da robar, sassan biyu su zama abu ɗaya. Walda ce ba wuta. Riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Injin kaɗai ya ci min mako uku, bayan isha'i, da tabarau da hantsakin Hajara na cire gira, wanda har yau take nemansa a ɗaki. Silinda huɗu a kwance, biyu na kallon biyu, babu lagireto tunda iska ce ke sanyaya shi, ga salansa mai baki biyu. Kowane ɗan abu da na ɗauka sai in ji muryar Baba a Magazine, unguwar makanikai ta Suame, yana kiran sunansa, yana miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, mu kuma muna rige-rigen ba shi sifana. Kai kullum lamba goma sha uku kake miƙawa ko me ya ce, kuma rabin lokaci kana dacewa.

Fenti ne ya nuna min iyakata. Gwangwanin feshi ba ya hawa jirgin sama, don haka na sayi na motoci a Suame, ruwan sararin samaniya, kusa da na Baba ƙwarai. Mai shagon ya rantse min ba ya cin roba. Na fesa kai tsaye, kafin in ajiye gwangwanin rufin motar ya yamutse kamar fatar kada. Na zauna a dakali ban iya cewa komai ba. Daga baya na jiƙa jikin a man birki kwana biyu, fentin ya saki, na wanke da sabulu, na bi da samfefa mai lamba 600 sannan 1000 har ya koma sumul. Ashe sai an fara shimfiɗa fentin ƙasa, mai ruwan toka, shi ke shiga tsakanin robar da zafin fentin mota. Karo na biyu ya kwanta lafiya, sai ƙurar hunturu ta sauka a kai tun bai bushe ba. Karo na uku na shiga banɗaki da asuba, na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, na ɗuma gwangwanin a ruwan ɗumi, na fesa sama-sama daga nisan kamu ɗaya, sau uku da hutu a tsakani, na kife robar ajiye abinci a kai na fita da sanɗa. Mako guda ban taɓa ba. Da na goge da samfefa 2000 a jiƙe na bi da man goge baki, Bashiru, na ga fuskata a rufin.

Af, kafin in manta, Sule Dogo ya aurar da Maryama wancan watan, an yi taro na gani na faɗa, titi ya toshe har bakin kasuwa. Ya tambaye ka sau biyu, na ce kana nan kana tara kuɗin gudummawa. Ka san abin da ya rage maka. Mai waakye ta kwanar makaranta ta koma Tafo wurin ɗanta, 'yar ce ke riƙe da tukunya yanzu, yajin bai kai na uwar ba. Kuma ka daina turo min hotunan Hearts of Oak, ɗan Aboabo da goyon bayan ƙungiyar Accra, ban san inda muka yi sake da kai ba.

To, na gama mota ranar Asabar. Gilasan na manna su da farin gam na kafinta, domin gam mai ƙarfin nan yana sa gilashin roba ya yi hazo. Na naɗe ta a tsumma na sa a kwalin takalmi, na hau trotro zuwa Magazine wurin Masta Issaka. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yara ne ke aikin, shi yana kan benci da carbi. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, duk da babu maiƙo a hannun. Ya juya ta ya duba ciki, ya ɗaga murfin baya da farce ya ga inji, ya yi dariya har da tari, ya kira yaransa su zo su ga motar da ya koyi aiki a kanta. Sai ya kawo ta daf da ido ya leƙa ta taga. Dariyar ta tsaya.

Ya ce, “Ɗan maigida, aiki ya yi kyau. Amma wannan ba motar maigidana ba ce. Tasa sitiyarinta a dama yake.”

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Gaskiyarsa. Ghana ba ta koma tuƙi a hannun dama ba sai ranar 4 ga Agusta 1974, zamanin Acheampong, shekara biyu bayan Najeriya, motar Baba kuwa ta shigo ƙasar tun kafin nan, ya saye ta a hannu na biyu yadda take. Nan take na tuna cewa a hagunsa nake zama, da hannun hagu yake sa giya, kuma duk sanda ya canja sai bayan hannunsa ya bugi gwiwata ya ce in tattara ƙafafuna. Shekara nawa ina ɗauke da wannan a jikina, amma na bi takardar kwali na sa sitiyari a hagu ban ji komai ba.

Yanzu ka gane dalilin da na ce ka riƙe maganar gam. Allon gaba ya riga ya zama jiki ɗaya da inda na manna shi, sai dai yanka. Dole agogon gudu ya koma dama, akwatin ajiya ya dawo hagu, sandar sitiyari da su kuloci da birki da totur su bi. Hajara ta ce in bar ta haka, wa zai sani. Masta Issaka ya sani, ni ma na sani. Na riga na raba jiki da ƙasan motar, Allah ya sa ban manne su ba, kuma na samo robar cike gurbi daga kofin yogot, irin mai lamba 6 cikin alwatika a gindinsa, ita ce dangin robar kwalin, gam yana kama ta. Abin da nake tsoro hannuna ne. Kuskure ɗaya na reza ya kai ga fentin nan, aikin wata biyu ya tafi. Dare uku ke nan ina ɗaukar rezar ina ajiyewa.

Mma ba ta san da batun sitiyari ba. Da na nuna mata motar ta riƙe ta da hannu biyu, ta ce a cikinta aka kai ta asibiti haihuwar Safiya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Baba na goge gilashi da hularsa. Sai ta tambaye ni ina jan kafaɗar. Ka tuna? Murfin tayar baya da aka canja bayan tifa ta goge shi a hanyar Mampong, wanda ya zauna da jan fentin ƙasa har aka rabu da motar, Baba kullum yana cewa sati mai zuwa. Mma ta ce na dama ne. Masta Issaka ya ce na hagu, kuma shi ya ɗaura shi da hannunsa. Ba zan iya ƙaryata ko ɗaya ba.

Hoton nan na Babbar Sallah, ni da kai da marigayi Tanko a jingine da bayan motar cikin sababbin kaftani, kai ka tafi da shi. Na san yana cikin jakar da kake ajiye takardunka, kada ka ce min ya ɓace. Ka ɗauke shi da waya a wuri mai haske, ka matso sosai, ina son ganin wane gefe ne jan, kuma ina son lambar motar, don na bar gurbinta fari ban rubuta komai ba. Idan ka bi ta shagon da ka sayi kwalin, ka tambaya ko suna da ɗan zarto na masu wannan aiki, siriri kamar reza. Awudu zai taso bayan azumi.

Ka gaida Rabi, ka shafa min kan Abba da 'yar autar da ban gani ba tukuna. Mma na gaishe ka, ta ce ko sanyi ya hana ka kiran uwa.

Naka,
Haruna