Amsa Ga Ɗan Marigayin Da Ya Tambayi Makomar Gidauniyar Mahaifinsa

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron da aka yi a Kongo, nan Zariya, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko gidauniyar marayun da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya kafa a Tudun Wada za ta shiga rabon gado, tunda da guminsa ya gina ta. Lokaci ya ƙure mana a ranar, kuma tambayar da aka yi a fili ta cancanci amsa a fili.

Gidauniyar da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba mallakin kowa ba ce, har da wanda ya kafa ta. Dukiyarta tana hannun amintattu, su kuwa riƙo kawai suke yi, domin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta hana a raba kuɗinta ko kadararta da sunan riba. Ko rushe ta aka yi, abin da ya saura bayan biyan bashi wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Mu wannan ba baƙonmu ba ne, tunda sharaɗin wakafin da Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara shi ne kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardar gidan. Dattawanmu da dama sukan yi rajistar gidauniya amma su bar fili da gini da sunansu, wani don mantuwa, wani don gudun wahalar ofis. Idan haka lamarin yake, wani cikin magada na iya cewa aro marigayin ya bayar, sai alƙali ya nemi shaidun da za su tabbatar da cewa ya yi wakafin yana raye ya kuma saki gidan. In kuwa wasiyya ya bari, ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada.

Kujerarsa ta shugabanci ma ba a gadonta. Kundin tsarin gidauniyar ne ya faɗi yadda ake maye gurbin amintaccen da ya rasu, sannan a sanar da hukuma. Ina jan kunnenku kada ku taɓa asusun kafin a yi haka.

Ka nemo takardar gidan da kundin, ku karanta su tare da sauran amintattun kafin ranar da aka sa ta rabon gado.

Wassalam,
Baffanka, daga Zariya.