Wasiƙa Zuwa Jamus Kan Budurwar Bakin Taga

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya sanyin Jamus? Mutan gida duk lafiya, suna gaishe ka.

Wani zane ne ya hana ni sakat, kuma tunda ka ce ba ka da nisa da Dresden, kai zan ɗora wa aiki. Johannes Vermeer ne ya yi shi, mutumin Delft ta ƙasar Holan, tsakanin 1657 da 1659. Budurwa ce tsaye gaban taga a buɗe, ta riƙe wasiƙa da hannu biyu, kanta a sunkuye. Haske na shigowa ta hagu yana sauka kan goshinta da takardar, fuskarta kuma ta fito dishi-dishi a gilashin tagar. A kan tebur ga darduma a cukurkuɗe, ga farantin 'ya'yan itace ya karkace har suna gangarowa. Idonta ya kai ƙasan takardar, ka ga ke nan ta riga ta san labarin. Amma fuskar nan ba murmushi, ba hawaye, ta ƙi gaya wa kowa komai.

Tun 1742 da aka sayo zanen zuwa Dresden (wai na Rembrandt ne, wani shahararren mai zane ɗan Holan, a zatonsu), bangon da ke bayan budurwar wayam aka san shi. A 1979 aka haska shi da na'ura, sai ga hoton Cupid ɓoye ƙarƙashin fenti, yaron nan mai baka da Rumawa suka mayar alamar soyayya. An ɗauka Vermeer ne ya shafe abinsa. Da aka soma gyara a 2017 sai aka tarar da datti kwance tsakanin fentin asali da na sama, wato wani ne daban ya rufe shi bayan shekaru masu yawa. Suka kankare a hankali da 'yar wuƙa, aka fito da shi a 2021.

Yanzu masana sun ce magana ta ƙare, wasiƙar masoyi ce, tunda yaron ma yana take da abin rufe fuska, alamar so ba yaudara. Ban musa ba, mai zane ya fi kowa sanin nufinsa. Amma wallahi ni bangon wayam ya fi min. A da takardar na iya zama daga uba, ko ta bashi, ko ta rasuwa, kowa da abin da zuciyarsa ta karanto masa. Ko da yake har yanzu yaron bai faɗa mana ko zuwa masoyin zai yi ko sallama ya aiko ba.

A waya kawai nake ganinsa, komai ƙanana. Don Allah in ka samu hutu ka je gidan tarihin da zanen yake a Dresden, ka matsa kusa ka duba min yatsunta, damƙe takardar ta yi ko riƙon sakwa-sakwa ne. Ka rubuto min abin da ka gani.

Naka,
Aminu