Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Maganar Harajin VAT a Kayan da Kuke Saya ta Intanet

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Tafo da duk inda kayanmu ke isa.

Makon jiya wata Hajiya da ta fi shekara goma tana sayen shadda a wurinmu ta shigo shago riƙe da wayarta. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini, ta ce, "Alhaji, duba nan. Kai sidi 600, wannan yaron sidi 540. Ba kasuwa ɗaya kuke ba?" Na duba, gaskiyarta. Shadda iri ɗaya, kasuwar intanet ɗaya, hotonmu a sama, nasa a ƙasa. Ba ita kaɗai ta yi wannan tambaya ba, ita ce dai ta faɗa mana ido da ido. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi muku bayani gaba ɗaya.

Kasuwar intanet kamar Kejetia take, babbar kasuwarmu ta Kumasi. Rufi ɗaya ne, amma kowace rumfa da mai ita. A irin su Jiji ma, dandalin haɗa ku kawai yake yi, ciniki tsakaninka ne da mai kayan. Harajin VAT kuwa mai sayarwa yake bi. Wanda ya yi rajista da hukumar tara haraji ta Ghana, wato GRA, dole ya karɓi harajin daga hannun mai saye ya miƙa wa gwamnati. Wanda bai yi ba, ba shi da ikon karɓar ko fesuwa ɗaya da sunan VAT. Daga ranar 1 ga Janairu 2026, mai sayar da kaya sai cinikinsa na shekara ya haura sidi 750,000 rajista ke zama masa dole. A da sidi 200,000 ne. Mu, alhamdulillahi, da albarkar cinikinku mun haura. Yaron da Hajiya ta nuna mini wataƙila bai kai ba, kuma ba laifi ya yi ba.

Ga yadda 600 ɗin nan ta haɗu. Kuɗin shaddar sidi 500 ne. VAT kashi 15 cikin ɗari, sidi 75 ke nan. Sai na inshorar lafiya kashi 2.5, sidi 12 da rabi, da na asusun ilimi na GETFund shi ma 12 da rabi. Jimla sidi 100. Wannan ɗarin ba ta kwana a aljihunmu da sunan riba. Duk wata muna cike takarda mu kai wa GRA lissafin abin da muka karɓa, bayan an cire harajin da mu ma muka biya lokacin saro kayan. Shi yaron da ba shi da rajista ya biya nasa a wurin sari kuma ba mai mayar masa, ya zuba shi cikin farashi, ba a dai rubuta ba ne. Dalilin ke nan da tazararmu da shi ba ta kai ɗarin cif ba.

A 2025 wannan shaddar sidi 609 da rabi za ta tashi, domin akwai harajin korona na kashi 1, kuma sai an ɗora ƙananan harajin a kan farashi tukuna a lissafa VAT a kan duka. An soke na korona, an daina ɗora haraji kan haraji, muka dawo daga kashi 21.9 zuwa 20. Ranar da dokar ta fara aiki muka gyara farashinmu.

Abin da ya fi ci mini rai dai ba bambancin farashi ba ne. Wani ɗan uwanmu matashi ya sayi takalmin Sallah a hannun wani mai talla a intanet. Sun daidaita, mai babur ya kawo kaya har ƙofar gida, sai aka kira shi a waya aka ce ya ƙara kuɗin VAT ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kafin a sakar masa. Ya tura, don kunya da gudun hayaniya a gaban maƙwabta. Ba rasit, ba lambar haraji, ba komai. Wallahi wannan ba haraji ba ne, cin haƙƙi ne. Duk wanda ya ce ku biya VAT, ku ce ya ba ku rasit ɗin VAT mai sunan kasuwancinsa da lambar harajinsa, a nuna kuɗin kaya daban, haraji daban. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Haka nan mai ce muku ku ƙara na E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya: tun Afrilun 2025 aka soke shi.

Sai masu odar abaya da turare daga Dubai ko Sin. Farashin da kuke gani a waya sau da yawa bai haɗa da kuɗin kwastam da VAT na shigo da kaya ba, sai kaya sun sauka ƙasa a nemi ku biya. Ku tambayi mai sayarwa tun kafin ku tura kuɗi, wa zai biya na kwastam.

A wurinmu, farashin da muka rubuta a ƙarƙashin hoto shi za ku biya, haraji na ciki. Kuɗin mai babur kaɗai ne daban, kuma muna faɗa muku shi kafin ya tashi. Kowane ƙunshi yana fita da rasit ɗinsa a cikin leda. In kun buɗe ba ku gani ba, ku kira mu a ranar, za mu aiko. Masu ɗinki da 'yan sari da ke da rajista, ku ba mu lambar harajinku mu sa a rasit don ku iya cire naku.

Hajiya ta saurari duk wannan, ta ce a yanko mata yadi biyar, a rage mata na mai babur. Mun rage.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa wa kasuwa albarka.

Naku,
Masu shagon shadda da atamfa
Aboabo, Kumasi