Wasan Boogerman da hukuncin da masu sharhi suka yanke masa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani tsohon wasan kwamfuta da na sake cin karo da shi a makon jiya, lokacin da na tarar da ɗan ƙanena ya tara abokansa a zaure suna ta ƙyalƙyala dariya a gaban allo. Da na leƙa sai na ga Boogerman ne, wasan da mu ma muka buga a na'urar Sega muna 'yan makaranta, a wani ɗan shago da ke bayan gidanmu, inda ake biyan kuɗi a bi layi, idan kuma aka ɗauke wuta kuɗin mutum ya tafi ke nan.

Kamfanin Interplay na jihar Kalifoniya a Amurka ne ya fitar da shi a 1994 a kan Sega, sannan a 1995 a kan Super Nintendo. Yana cikin wasannin nan da ake tafiya daga hagu zuwa dama, ana tsallake ramuka, ana hawa tudu ana gangarowa. Gwarzonsa wani attajiri ne mai suna Snotty Ragsdale da ya faɗa wata duniya ta shara da ƙazanta, kuma makaman da yake yaƙi da su, a gafarce ni, su ne tasono da gyatsa da tusa. Idan ya ci barkono sai iskar ta koma wuta har ta ɗaga shi sama, idan ya sha madara sai ya riƙa tofa kaki, masai kuwa ita ce ƙofar da ke zurma shi zuwa magudanar ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda mujallun wasanni na wancan lokaci suka karɓe shi. Mujallar Electronic Gaming Monthly ta ba gwarzon lambar wanda ya fi kowa ƙazanta a 1994, wanda dama sunan da masu wasan suke nema ke nan. Amma masu sharhi ba su tsaya ga dariya ko ƙyama ba. Sun yaba zanen da kuma yadda motsin jikin gwarzon yake tafiya sumul, domin a nan an zuba aiki na gaske, sannan da yawa daga cikinsu suka nuna cewa idan aka cire barkwancin, abin da ya rage wasan tsalle-tsalle ne irin wanda aka saba gani, mai matakai masu tsawo da suka yi kama da juna. A shekarar ce kuma aka fitar da Earthworm Jim na kamfanin Shiny Entertainment, wanda shi ma cike yake da shirme, sai dai kusan kowane mataki nasa yana zuwa da sabuwar dabara. Earthworm Jim ɗin ya samu kashi na biyu a 1995, har aka yi masa shirin talabijin. A 2013 mutanen da suka ƙirƙiri Boogerman sun nemi gudummawar dala 375,000 a dandalin Kickstarter, wani shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, domin su sabunta shi, amma abin da aka yi musu alkawari bai wuce kusan dala 40,000 ba, sai maganar ta mutu.

Na ga gaskiyar wannan hukunci da idona a zaurenmu. Kafin a kira sallar la'asar dariyar yaran ta lafa, babban cikinsu ya fara hamma yana cewa a saka musu ƙwallo. Sai dai da dare, ana tsakiyar cin tuwo, ƙaraminsu ya yi wata irin gyatsa da gangan yana kallon fuskar kakarsa, yana jiran a yi masa tafi. Wasan ya gundure su cikin sa'a guda, amma ɗabi'ar ta biyo su har kan tabarma.

Ba na cikin masu cewa duk wasan kwamfuta ɓata tarbiyya ne, kuma mu Hausawa ba baƙin barkwanci ba ne, tunda akwai wasa tsakanin taubasai da tsakanin jika da kaka, wani lokaci ma da kalmomi masu nauyi. Bambancin shi ne namu yana da wuri da lokaci da wanda ake yi da shi, allo kuwa bai san suruki ba, bai san baƙo ba. Abin da ke damuna shi ne iyaye a wajenmu ba su da mai yi musu irin bayanin da waɗancan mujallu suka yi wa masu karatunsu, saboda haka wani ya hana gaba ɗaya cikin fushi, wani kuma ya miƙa waya ya juya baya.

Don haka nake roƙon jaridarku ta ware ɗan gurbi, ko da sau ɗaya ne a wata, inda wanda ya san harkar zai buga wasa har ƙarshe, ya faɗa mana da Hausa ko an yi shi da gwaninta, abin da ke cikinsa na magana da hoto, da kuma shekarun yaron da ya dace a bar shi da shi. Idan kun amince, ni ma a shirye nake in aiko da sharhin farko.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano