Sin na da abin da ke hana ta barci, kuma ba tsaron Sakkwato ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai albarka mu yi gyara kan wata magana da ta yaɗu a majalisu a nan Sakkwato tun watan Nuwamba na 2025. A lokacin ne shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar kawo hari Najeriya, ita kuma ma'aikatar harkokin wajen ƙasar Sin ta ce ba ta yarda wata ƙasa ta fake da addini ko haƙƙin ɗan'adam ta tsoma baki cikin sha'anin wata ba. Jama'a da dama suka ɗauka mun samu mai tsaya mana. Ranar 25 ga Disamba Amurka ta harbo makamai masu linzami cikin jihar nan da amincewar gwamnatin tarayya, Sin kuwa ko kwale-kwale ba ta motsa ba. Wannan bai ba masu nazarin ƙasar mamaki ba, domin hankalinta yana wani wuri dabam.

Kowane ɗan makaranta a Sin ana koya masa tarihin shekara ɗari na wulaƙanci, tun daga yaƙin da Biritaniya ta kai musu a 1839 ta ƙwace Hong Kong, har zuwa mamayar Japan ta 1931 da 1937. Kusan duk waɗannan masifu ta teku suka shigo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa idan janar ɗin Sin ya buɗe taswira, abin da yake fara gani shi ne jerin tsibiran da suka tare gabar ƙasarsa daga Japan zuwa Taiwan zuwa Filifin, duk kuma abokan Amurka ne. Sojan Amurka sama da 50,000 na Japan, kimanin 28,500 na Koriya ta Kudu, sannan tun 2023 Filifin ta ba Amurka damar amfani da sansanoni tara. Taiwan, wadda Sin ke ɗauka a matsayin yankinta tun rabuwar 1949, kilomita 130 kacal ce daga gaɓarta a inda mashigin ruwan da ke tsakaninsu ya fi ƙunci. A 1996, da rikici ya tashi a mashigin, Amurka ta turo manyan jiragen ruwa biyu masu dakon jiragen yaƙi, Sin ba ta da ko ɗaya. Yau tana da uku, Liaoning da Shandong da Fujian, kuma domin wancan tekun ta tanade su.

Abu na biyu shi ne mai, kuma a ganinmu nan ne tsoron ya fi zurfi. Sama da kashi 70 cikin 100 na ɗanyen man da Sin ke amfani da shi daga waje take sayowa, kimanin ganga miliyan 11 a kullum, wato kusan ninki bakwai na abin da Najeriya gaba ɗaya ke haƙowa. Mafi yawansa yana ratsa mashigin Malaka, wanda a kusa da Singafo faɗinsa bai kai kilomita uku ba. Duk mai ƙarfin ruwan da ya tsaya a wannan maƙogwaro zai iya shaƙe masana'antun Sin ba tare da ya taka ƙasarta ba. Tun 2003 shugaban Sin na lokacin, Hu Jintao, ya ja hankalin jam'iyyarsa kan wannan. Maganin da suka nema shi ne bututu ta tudu: ɗaya daga Kazakistan, ɗaya daga Rasha zuwa birnin Daqing na Sin, ɗaya kuma daga gaɓar Myanmar zuwa birnin Kunming na Sin wanda ya fara kai mai a 2017. Amma bututun Myanmar iyakar abin da zai ɗauka kimanin ganga 440,000 ne a rana, ƙasar kuma tana cikin yaƙin basasa tun juyin mulkin 2021. A Pakistan, inda aka gina tashar ruwa ta Gwadar, 'yan tawaye da masu tada ƙayar baya na kai wa ma'aikatan Sin hari. A 2021 an kashe Sinawa tara a motar da ke kai su aikin madatsar ruwa ta Dasu.

Ta tudu ma Sin na da iyaka da ƙasashe 14. Ta yi yaƙi da Indiya a 1962, a watan Yuni na 2020 kuma sojojinsu suka gwabza a kwarin Galwan da kulake da duwatsu, saboda wata yarjejeniya ta hana harbi a bakin iyakar. Indiya ta rasa soja 20, Sin ta amsa cewa ta rasa huɗu. Da Rasha kuwa, bayan artabun 1969 sun kammala shata iyaka a 2008, abin da ya ba Sin damar juya baya ga arewa ta fuskanci teku. Duk da zumuncin nan, ba ta tura wa Rasha soja zuwa Ukraine ba. Ƙasa ɗaya tak ce take da yarjejeniyar kare juna da ita, Koriya ta Arewa, tun 1961, kuma rabonta da babban yaƙi tun na Biyetnam a 1979.

Wanda ke son ganin yadda Sin ke yi idan dukiyarta ta shiga haɗari a Afirka, ba sai ya yi nisa ba, ya tsallaka Illela zuwa Jamhuriyar Nijar kawai. Kamfanin mai na gwamnatin Sin, CNPC, shi ne ya haƙa rijiyoyin man Agadem, ya gina matatar SORAZ a Damagaram a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, ya kuma shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Jamhuriyar Benin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojan Faransa sun fita, na Amurka sun bar Agadas, 'yan Rasha sun shigo, Sin kuma ta ci gaba da ciniki da sojoji kamar yadda ta yi da gwamnatin Bazoum. A Afrilun 2024 ta ba su dala miliyan 400 kafin alƙalami, a biya da mai. Da Benin ta hana lodin man Nijar sai Sin ta shiga tsakani da sulhu. A watan Yuni 'yan tawaye suka fasa bututun, a Maris na 2025 kuma gwamnatin Nijar ta kori manyan jami'an mai uku 'yan Sin. Duk wannan bai sa ta turo bataliya ko ɗaya ba. A Libiya ma, a 2011, abin da ta yi shi ne kwashe 'yan ƙasarta sama da 35,000.

Abin da Sin ke iya ba mu shi ne kayan aiki da horo, ba tare da dogayen sharuɗɗan da majalisar Amurka ke gindayawa ba. Najeriya ta sayi tankokin VT-4, da jirage marasa matuƙa samfurin CH-3 da Wing Loong II, da jiragen JF-17 uku da Sin da Pakistan suka haɗu suka ƙera. Inda ake tafka asara shi ne wajen rubuta kwangila. Jirgi marar matuƙi, in ba a haɗa shi da tauraron ɗan'adam ba, nisan da za a iya sarrafa shi daga tasharsa ta ƙasa kamar kilomita 200 ne. Wanda aka girke a Kaduna ke nan ba zai yi gadin dazukan Gudu da Tangaza ba, inda Lakurawa suka yi kaka-gida, sai an kafa tasha kusa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska ta inji, tana dusashe kyamara, don haka dole a sayo kayan canji na shekaru tare da jirgin, ba bayan ya kwanta ba. Dole kwangilar ta ƙunshi horar da makanikai, ba matuƙa kaɗai ba, da littattafan gyara cikin harshen da yaranmu ke karantawa, da tabbacin samun harsasai. Sannan rundunar da ta tara jiragen Super Tucano da aka sayo daga Amurka da jirage masu saukar ungulu Mi-35 na Rasha da kayan Turkiyya da na Sin, kowanne da rumbun kayan gyaransa da injiniyansa, wani lokaci na'urorin sadarwarsu ma ba sa magana da juna.

Kada kuma a ɗauka hannu rabbana muke zuwa teburin. Abin da Sin ta fi buƙata a wurinmu shi ne goyon baya kan Taiwan da ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma mun riga mun bayar: a Janairun 2017 gwamnati ta umarci ofishin Taiwan ya bar Abuja ya koma Legas. A taron Sin da Afirka na Satumban 2024, shugaba Xi Jinping ya yi alkawarin tallafin soja na yuan biliyan ɗaya, da horar da soja 6,000 da 'yan sanda 1,000, amma na nahiyar ce baki ɗaya. Muna kira ga sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na Sakkwato, Kabi da Zamfara su tambayi ma'aikatar tsaro a rubuce: gurbi nawa Najeriya ta samu cikin waɗannan, jirage nawa ke tashi cikin waɗanda aka saya, kuma yaushe za a kafa tashar sarrafa su a filin jirgin saman Sakkwato.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Daga wasu malaman nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa da sha'anin tsaro,
Sakkwato.