Ka karanta wannan kafin ka aika takardun Jamus

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mu ma lafiya lau muke, sai ƙafar Hajiya da ta sake motsawa da shigowar hunturu. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya saurin cewa "to, Baba" kake yi, ni kuwa na san wannan "to" ɗin tun kana ƙarami.

Ƙanwarka ta shaida wa mahaifiyarku cewa kana cika takardun neman gurbin digirin digirgir a Jamus da Amurka, har ka ce in ka tafi ba ka ga abin da za ka dawo ka yi ba. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata sai da ta maimaita a gabana.

Neman digirin bai dame ni ba. Dama don haka tun 1991 ICTP, cibiyar nazarin fiziks ta duniya da ke Trieste a Italiya, ta buɗe shirin difilomar da kake yi: a ɗauko yaro mai kai daga ƙasa irin tamu, a biya masa jirgi da kuɗin zama a Trieste, a goge shi shekara guda har ya iya gogayya da kowa. Ƙarshen maganarka ne ya hana ni barci.

Kullum kana shiga ginin da ke ɗauke da sunan Abdus Salam, masanin fiziks ɗan Pakistan. Ko ka taɓa tambayar dalilin gina shi? Mutumin nan ya gama karatu a Cambridge, ya koma Lahore a 1951 yana koyarwa, ya rasa ko mutum ɗaya da zai tattauna bincikensa da shi. A 1954 ya sake komawa Ingila. Ya sha faɗa cewa an tilasta masa zaɓi tsakanin fiziks da ƙasarsa, kuma ciwon bai bar shi ba. Shi ya sa a 1964 ya shawo kan gwamnatin Italiya da hukumar makamashin nukiliya ta duniya aka kafa cibiyar, aka fito da tsarin da malami zai zauna a jami'arsa ta gida, cibiyar ta riƙa ɗaukar nauyin zuwansa lokaci-lokaci ya yi bincike, ya koma wa ɗalibansa. Ya ci lambar Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg, duniya ta san shi. Amma a Oxford ya rasu a 1996, gawarsa aka kai gida. Wurin da aka gina don kada yara irinka su ɓace wa ƙasarsu, shi za ka mayar tashar hawa mota?

Ka san yadda muka ƙare da kawunka. Shi ma shekara biyu ya ce. Ka ga Hajiya ranar jana'izar Alhaji, tana waige ko zai shigo. Ba zan iya wannan sau biyu ba, wallahi ba zan iya ba.

Kuma kai da bakinka ka ce ba abin da za ka dawo ka yi! Ni da na ƙare aikina ina zana kayan gwaji da alli saboda ɗakin gwajin makarantarmu fanko ne, ba abin da na yi ke nan? Malamin da ya riƙa tsayawa da kai bayan an tashi, ya shirya ka gasar fiziks ta Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ba tare da ya karɓi ko sisi ba, da shi ma ya ce haka, ina kake yau? Lokacin da mahaifiyarka ta nace sai likitanci, ni na tsaya maka, har aka yi ta zargina a gida. Na tsaya ne don na yi imani wata rana kai za ka tsaya gaban aji a nan.

Na san albashi bai taka kara ya karya ba, na san yajin aiki da ɗaukewar wuta. Duk da haka ƙasar ba kufai ba ce. Tun 2004 akwai tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya, mutanenmu ke tafiyar da ita. Ita kanta ICTP ta buɗe reshe a Kigali a 2018 domin aikin ya matso kusa. Kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG dala 100,000 ce, kuma matsalolin ƙasar nan take nema a warware.

Je ka yi digirin, da albarkata da ta mahaifiyarka. Abu biyu nake so. Kafin ka bar Trieste ka tambayi malamanka sharuɗɗan tsarin nan na masu zama a gida, ka rubuto mini su. Sannan ka faɗa mini shekarar da za ka dawo, a rubuce, ba a waya ba. Idan ka ji zafin wasu kalamaina, tsoro ne ya sa, ka yi haƙuri da tsohonka.

Ka riƙe salla, ka sa rigar sanyi, an ce iskar garin nan ba ta da wasa. Mahaifiyarka za ta aiko maka da yaji in an sami mai zuwa. Ina jiran amsarka kafin ka aika takardun.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka